Ƙananan Motoci, Manyan Masoya: Daga Karan Dawar Kura Zuwa Kasuwannin Duniya

Da zarar an kawar da amfanin damina an kwantar da karan dawa a gonakin Kura da Bunkure na jihar Kano, sai wata sana'a ta buɗe wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma da sarki. Yara ne masu ita. Yaro zai zaɓi kara mai kauri wanda ya bushe sarai, ya ɓare shi da tsohuwar reza ko da haƙori, ya ajiye totuwar gefe guda, ya tsaga ɓawon siri-siri. Da totuwa ake gina jiki, da ɓawon ake sokewa a haɗa. Ya yanka, ya soka, ya gwada, ya warware ya sake. Kafin la'asar sakaliya mota ta tsaya da ƙafafunta: ga kan direba, ga bodi, ga ɗan tsani a gefe inda yaron mota ke maƙalewa.

Wanda hannunsa ya faɗa ba ya tsayawa a kara. Gwangwanin madara da na tumatir yake bi bola-bola, ya farke su, ya daddake da dutse har su miƙe. Tayu daga tsohon silifa ake yanko su, fitilu daga marfin kwalba, sannan a lanƙwasa doguwar waya ta taso daga tayun gaba har ƙugun mai ita, a naɗe kanta ta zama sitiyari. In ya murɗa dama, tayun su bi dama. Wasu har langalanga suke sawa a ƙasa don motar ta riƙa lilo in ta faɗa rami, yadda ta gaske take yi. Duk wanda ya tsaya ya duba wannan haɗi da idon basira ya san ba ƙaramin tunani aka zuba a ciki ba.

Motocin da yaran ke kwaikwaya su ne masu wucewa ta ƙofar gidajensu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya mayar da yankin wurin da mota ba ta yankewa. Tantan na huɗa, injin casa na ruri, manyan motoci na lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan su kama hanyar Kudu. In aka matso Kumbotso kuwa, ga masana'antun Challawa da Panshekara, ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki wadda aka ƙaddamar a 2023 don saukar kwantena. Yaron da ya buɗe ido a nan bai rasa abin kallo ba.

Sai dai sana'ar ba ta da tsawon rai. Yaro na kai shekara goma sha uku ko sha huɗu, sai wani yayansa ko ƙanen babansa ya dube shi ya ce, "Kai, ƙato da kai kana jan motar gwangwani?" Shi ke nan. Motar ta koma bayan ɗaki, akuya ta tattake ta, gara ta cinye karan, 'yan jari-bola su kwashe gwangwanin. Ba a ɗauki hotonta ba, ba a rubuta sunan wanda ya yi ta ba.

A ƙasashe da dama kuwa, daidai wannan sha'awar ce mutum ke girma da ita har furfura ta cika masa kai. Likita ne ko direba ko tsohon soja, yana da kabad ɗin gilashi a falo cike da ƙananan motoci da jirage, ya san shekarar da aka yi kowace ɗaya, yana zuwa taron masu irin sha'awarsa, yana saye yana sayarwa. An gina wa abin masana'antu da mujallu da gidajen tarihi da kasuwannin gwanjo.

Ingila na cikin wuraren da abin ya samo tushe. A 1901 wani akawu a birnin Libaful mai suna Frank Hornby ya yi rajistar wani wasa da ya ƙirƙiro wa 'ya'yansa: siraran ƙarafa masu huji-huji da noti da ƙananan tayu, yaro ya haɗa gada ko injin ɗaga kaya da hannunsa. Shi ne Meccano. Kamfanin nasa ne ya fito da motocin Dinky a 1934, waɗanda ake zuba narkakken ƙarfe a mazubi a fitar da su da siffar motar gaske. A 1953 kamfanin Lesney ya zo da Matchbox. Labarin da aka sani shi ne, makarantar 'yar ɗaya daga cikin masu kamfanin, Jack Odell, ba ta yarda yaro ya zo da abin wasan da ya fi ƙarfin kwalin ashana ba, sai uban ya ƙera mata ƙaramar motar daɓe titi da za ta shige ciki. Hot Wheels na kamfanin Mattel a Amurka ya biyo baya a 1968. Yaran da suka yi wasa da waɗannan motoci su ne suka zama manya masu albashi, suka koma suna neman abin da suka taɓa mallaka ko wanda iyayensu suka kasa saya musu.

Manomin Kura zai so jin cewa tantan tana da babban matsayi a wannan tarihi. Kamfanin Airfix na Ingila, wanda sunansa ya zama jiki ɗaya da jiragen roba da ake haɗawa da gam, da tantan ya fara wannan harka. A 1949 Harry Ferguson ya ba su aikin yin ƙaramin samfurin tantan ɗinsa, TE20, don dillalai su riƙa nuna wa manoma. Haɗa su a masana'anta ya yi tsada, sai aka riƙa sayar da su gunduwa-gunduwa mai saye ya haɗa abinsa. Daga nan aka gane ashe mutane na jin daɗin haɗawar kanta. A Amurka ma haka. A 1945 wani mai aikin zubin ƙarfe a jihar Iowa, Fred Ertl, ya sami kansa ba aiki, ya shiga narka tsofaffin ƙarafan jirgin sama a gidansa yana zuba ƙananan tantan, iyalinsa na taya shi fenti da haɗawa. Kamfanin ya bunƙasa ya koma garin Dyersville, inda a yau akwai gidan tarihi sukutum na kayan wasan gona da aka buɗe a 1986, kuma kowace shekara a watan Nuwamba ana baje koli, manoma su zo daga nesa neman samfurin tantan ɗin da kakansu ya yi noma da ita. Garin ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin masara. Abin da ya ɗaukaka shi, manoman can sun ɗauki kayan aikinsu a matsayin tarihin da ya cancanci a ajiye.

Babban abin da ya raba samfurin manya da motar wasan yara shi ne ma'auni. A jikin kwali za a ga an rubuta 1:64, ko 1:43, ko 1:18. Ma'anar 1:43 ita ce an raba kowane tsawo na motar gaske gida 43 an ɗauki ɗaya. Fijo 504 tana da tsawon kusan mita huɗu da rabi, don haka samfurinta a wannan ma'auni zai zama santimita 10 da 'yan kai, kuma faɗin taya da tsayin gilashi da girman madubi duk sai sun bi wannan rabon. Tantan an fi yin ta a 1:32 da 1:16, jiragen sama a 1:72. Amfanin haka shi ne, in aka jera abubuwa masu ma'auni ɗaya, tirela za ta fi akori-kura girma daidai yadda ta fi ta a titi. Maƙerin gwangwani na Panshekara da ido yake aunawa, kuma idon nasa na da kyau ƙwarai. Abin da ya rage masa tef ɗin awo ne da lissafin rabawa, wanda ɗan aji biyar na firamare ya iya.

Akwai kuma masu son abin da za su haɗa da kansu. Su kwali suke saye, ciki akwai ɗaruruwan gutattsarin roba manne a jikin firam, da takardar bayani. Mutum ya yanko kowane gutsure, ya goge bakinsa da sanfefa, ya manna, ya fesa fenti. Gwanayen cikinsu ba sa barin abin yana ƙyalli kamar sabo: sai sun zana masa tsatsa da ƙura da zubar baƙin mai, har ya yi kama da motar da ta sha hanya. Wani aikin yakan ci watanni. Birnin Shizuoka na Japan shi ne cibiyar wannan sana'a, nan kamfanin Tamiya yake, nan kuma Bandai ke yin mutum-mutumin Gundam da ya fara fitarwa a 1980. Lego na Denmak ma ya lura manya ne ke sayen manyan kwalayensa, tun 2020 ya fara buga alamar shekara 18 zuwa sama a jikin wasu. Jirgin ruwan Titanic da ya fitar a 2021 guda 9,090 ne ake haɗawa.

To, me ke sa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ya yi tsadar gida? Ƙaranci ne na farko, sai lafiyar abin, sai kwalinsa. Motar da aka yi irinta dubu ɗari-ɗari ba ta da wani farashi, amma wadda aka yi kaɗan aka daina, ko aka yi kuskuren launi a masana'anta, ita ake rububi. Wadda ba a taɓa buɗe kwalinta ba ta ninka wadda yaro ya ja a ƙasa sau da yawa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ɗan mutum-mutumin Boba Fett na fim ɗin Star Wars, mai harba ɗan roka daga bayansa. Kamfanin Kenner ya shirya fitar da shi a 1979, sai aka ji tsoron yara za su haɗiye rokar su shaƙe, aka fasa. 'Yan samfuran gwaji kaɗan ne suka tsira a hannun ma'aikata. A watan Mayun 2024 an sayar da ɗaya a gwanjo kan dala 525,000, a watan Agusta na shekarar wani ya haura dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Roba ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa biyu ba. Darajarta ta zo ne daga cewa wani ya adana ta shekara arba'in da biyar, kuma ana iya bin sawun inda ta fito.

Irin wannan ɓangare na mutum-mutumi, wanda sojan roba G.I. Joe na kamfanin Hasbro ya buɗe wa hanya a 1964, da wuya ya yi kasuwa a tsakanin manya a ƙasar Hausa, kuma dalilin a bayyane yake. Malamai sun yi magana mai nauyi a kan sassaƙa siffar abu mai rai da girke ta a ɗaki. Sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, bisa abin da ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har Abu Dawuda ya ruwaito cewa akwai doki mai fukafukai a cikinsu. Wannan rangwamen na yara ne. Magidanci a Kumbotso ba zai jera sojojin roba a kabad ba, kuma babu dalilin da zai sa a matsa masa. Amma mota da jirgi da tantan da gini ba su da rai, babu mai ja a kansu. Shi ya sa a falon mutanenmu abin da aka fi gani shi ne ɗan samfurin Ka'aba ko Masallacin Madina da alhazai ke dawowa da shi, a ofisoshin masu shirya tafiye-tafiye kuma ɗan jirgin sama a kan tebur. Sha'awar tana nan, hanyarta ce daban.

A fannin 'yar tsana ma 'yan Najeriya sun taka rawa. Taofick Okoya ya fara yin Queens of Africa a Legas a 2007, ya sa wa ɗaya suna Azeezah a matsayin Bahaushiya, ita kuwa Haneefah Adam ta Ilori ta yi suna a 2016 da ɗinka wa 'yar tsanar Barbie hijabi da dogayen riguna tana ɗorawa a Instagram.

Wanda ke ganin aikin kara na yara ne kawai, ya leƙa Damagaram. A can akwai wasan kara, inda samari baligai ke shirya kwaikwayon bikin hukuma: wannan ya fito a shugaban ƙasa, wancan a minista, ga sojoji ga 'yan jarida, kuma bindigogi da kyamarori da sauran kayan aikin duk da kara aka yi su. Gari ke fitowa kallo. Mai shirya fina-finai na Nijar, Inoussa Ousseini, ya ɗauki wasan a fim a 1980, da haka waɗanda ba su taɓa taka Damagaram ba suka san shi. A Kinshasa kuma an yi Bodys Isek Kingelez, wanda ya rasu a 2015. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana gina birane da kwali da takarda da gwangwanin lemo da marfin kwalba, dogayen benaye da filayen wasa da tituna, irin Kinshasar da yake fatan gani. A 2018 babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya ware masa baje koli shi kaɗai. Kayan da ya yi aiki da su babu wanda ba a samu a bolar Naibawa.

Ko a masana'antar mota ta gaske, ƙaramin samfuri ne matakin farko. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da Harley Earl ya kama ragamar sashen zane na General Motors, ake sassaƙa sabuwar mota da wani irin yumɓu na musamman, a fara da ƙarama sannan a yi mai cikakken girma, kafin a taɓa ƙarfe. Har yau da kwamfuta ta zo ba a daina ba. A wannan kamfani ne Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato ya yi karatun zanen gine-gine a Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, ya zana motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A shekarar ce kuma wani ɗalibin kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya. Yaron da ke murza yumɓun bakin magudana yana fitar da tantan, aikin da yake yi dangin wancan ne, ko da bai sani ba.

Abin da ke barazana ga wannan gwaninta a yau shi ne arhar roba. Gundumar Chenghai da ke birnin Shantou a kudancin Sin ta shahara da masana'antun kayan wasa, kuma irin kayanta ne ke cika rumfunan Sabon Gari gabanin Sallah: mota mai batir, mai rimot, mai jiniya. Uba ba shi da laifi in ya saya wa ɗansa. Matsalar ita ce motar rimot in ta lalace sai bola, yaro bai san cikinta ba, alhali motar waya in tayarta ta fita shi ne bakanikenta. A unguwannin cikin birni motar kara ta yi wuyar gani, ga gonakin da ake samun karan sun zama filotai, ga waya a hannun kowane yaro. Ƙauyukan noman rani suna cikin wuraren da abin ya rage da sauran ƙarfinsa, saboda kara da yumɓu da gwangwani ba sa yankewa a can.

Akwai kuma abin da babu wani kamfanin waje da zai yi wa Kano. Kamfanonin Faransa irin su Norev da Solido suna yin samfurin Fijo 504, amma tsaf-tsaf suke yin ta yadda ta fito daga shago a Faris. Ba su san wadda aka haɗa a Kaduna ba, inda masana'antar Fijo ta fara aiki a 1975, wadda ta yi jigilar Kano zuwa Zariya da kaya ɗaure a but har murfin ya kasa rufuwa. Ba za su yi babbar mota mai bodin katako ba, da zanen furanni da kirari a goshinta da bayanta. Ba za su yi motoci da tantan na Fiat da aka riƙa haɗawa a kamfanin NTM na titin Zariya ba, ko na Steyr da aka yi a Bauci, ko a-daidaita-sahu mai ruwan ɗorawa da ta shigo zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau ta mamaye gari bayan hana acaɓa a 2013. Wasu daga cikin motocin nan sun riga sun ɓace daga titi, sauran na kan hanya. Tsohon direban da ya yi shekara talatin a kan irin wannan mota, ko ɗansa da ke zaune a Abuja ko Jidda, zai so ya ga samfurinta a falonsa, kuma zai biya.

Masu iya yi suna nan: masu walda, da kafintoci, da maƙeran gwangwani masu yin murhu da mazurari, da masu fentin bodin mota, yawancinsu tsofaffin gwanayen motar waya ne da aka kunyata suka daina. Aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. A auna motar gaske a zaɓi ma'auni ɗaya a tsaya a kai. Aikin kara a shafa masa man katako mai sheƙi don gara da danshi, na gwangwani a naɗe bakinsa kada ya yanki hannu, a yi masa fenti mai hana tsatsa. A ƙarƙashin kowace mota a rubuta sunan maƙeri da garinsu da shekara, domin da wannan ne mai saye a ko'ina yake tantance abin da ke hannunsa. Makarantu irin su Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda ke maƙwabtaka da yankin, za su iya sa gasar ƙera samfuri bisa ma'auni a tsakanin ɗalibai, kasuwar baje koli ta duniya da ake ci kowace shekara a titin Gidan Zu kuma tana da filin da za a ware tebur guda ga maƙeran Kura da Bunkure da Kumbotso, a sa farashi a jikin kowace mota.